Kwalkwalin Kyaftin

A gida Auta ake ce masa, ko da yake furfura ta fara leƙowa a gefen kunnensa. A asibiti kuwa, inda yake aiki a ɗakin gwaje-gwaje, ba a cika jin muryarsa ba. Yininsa kan ƙare ne da ido ɗaya a bakin madubin ƙara girma, yana bin ƙananan halittun da ke iyo cikin ɗigon jini. Mutum ne mai yawan tunani, irin wanda ko hanya aka tambaye shi sai ya yi jim kafin ya nuna. Sai dai akwai wani ɗan ɗaki a gidansa, mai taga ɗaya da labule mai kauri, wanda da zarar ya shiga fuskarsa takan saki kamar an kwance mata ɗauri.

A ɗakin nan yake ajiye mutanensa. Haka yake kiran su, matarsa kuwa ta ce 'yan tsana. Ƙananan mutum-mutumi ne na roba da na ƙarfe, waɗanda aka ƙera tun kafin ya iya karatu, a siffar jaruman tsofaffin finafinan sararin samaniya. Ga matuƙiyar jirgi da jar rigarta, ga injiniyan ƙarfe mai ciki kamar butar shayi, ga wata halitta mai ido uku wadda har yau masu tara irin waɗannan kaya ba su daidaita ba ko abokiya ce ko maƙiyiya. Wasu suna cikin kwalinsu na asali, ba a taɓa buɗe su ba, ba kuma za a buɗe ba. Labulen saboda rana ne, domin ita ke mayar da farar roba rawaya. Ba ya taɓa su sai da farar safar hannu, kuma yana share musu ƙura da wani lallausan buroshin kwalliya da ya ara a wurin matarsa tun shekarar aurensu.

A tsakiyar kabad ɗin gilashin Kyaftin yake tsaye, tsawonsa bai wuce tafin hannu ba, ƙirji a gaba, kai kuwa tsirara, sumul kamar ƙwai. Shi kaɗai ne Auta bai saya ba. Mahaifinsa, wanda ke haska fim a tsohuwar sinimar unguwarsu, shi ya kawo masa shi naɗe cikin jarida, a zamanin da Auta yake zama kan gwangwanin fim a ɗakin injin yana leƙen allon ta wata 'yar taga. A lokacin Kyaftin yana da kwalkwalinsa: na ƙarfe, shuɗi, da ɗan zanko a tsakiya da tsaga a gaba ta wurin idanu. Ba a daɗe ba kwalkwalin ya ɓace. Auta ya yi kuka har ya gaji, sannan aka kai shi makarantar kwana, mahaifin ya rasu, sinimar ta zama shagon katifu. Da ya girma ya fara tara sauran, sai ya gane cewa duk neman da yake yi na abu ɗaya ne. Ya bi kasuwannin tsofaffin kaya, ya rubuta wa masu tarawa na nesa, ya ga kwalkwali na jabu iri-iri da ake zubawa da sabon inji, ya ƙi su duka.

Wannan shekarar ce abin ya taso masa sabo. Ƙungiyarsu ta masu tara mutum-mutumi, wadda ke haɗuwa a bayan wani shagon littattafai, ta sami aron zauren shiga na ɗakin karatun gari don baje kolin yini guda, ranar Asabar. Za a jera ma'aikatan jirgin gaba ɗaya a babban kabad, Kyaftin a tsakiyarsu. Amma ƙungiyar tana da doka: babu abin da zai shiga babban kabad sai cikakke, da kayansa na asali. Mai tsaron dokar wani tsohon ma'aikacin gidan waya ne da suke kira Alƙali, mai yawo da maganaɗisu da madubin hannu a aljihu. Kyaftin biyu ne kawai a ƙungiyar: na Auta, bugun farko amma ba kwalkwali, da na wani likitan haƙori, bugun baya, wanda kwalkwalinsa na roba ne manne da kai.

"Kada ka damu," in ji Likita a taron ƙarshe, yana dafa kafaɗarsa. "Ka zo da Mai Sanƙon naka mu tsayar da shi a bakin ƙofa, ya riƙa yi wa baƙi sannu da zuwa."

Kowa ya yi dariya, har shi Autan, domin Likita abokinsa ne kuma bakinsa ba ya hutawa. Amma a hanyar gida ya riƙa hango Kyaftin ɗin mahaifinsa a kan tebur a gefe, wani na tsaye a wurinsa.

Matarsa, malamar makaranta ce mai saurin yanke shawara, ta same shi a ɗakin yana kallon kabad. Ta ce, "Ko ba a sa shi a tsakiya ba, ka kai shi ya ga 'yan'uwansa. Sai dai akwatin nan naka ba shi da shimfiɗa, zai yi ta karo a hanya. Ka kai wa Mama ta ɗinka masa."

"Mama ta ɗauka ɗakin nan na karatu ne."

"Na sani. Ni nake yi maka ƙaryar duk ranar da ta zo. Na gaji."

Gaskiya ne, bai taɓa nuna wa mahaifiyarsa ba. Ita ce ta yi ɗawainiyar karatunsa da ɗinki, kuma a ganinsa bai dace matar da ta ƙare idanunta a kan allura ta ji cewa ɗanta mai digiri yana share wa 'yan tsana ƙura ba. Yakan ziyarce ta a ƙarshen mako, lokacin da ta rufe keken ɗinkinta da zane, ta kwashe kayan aiki cikin gwangwani, ta zauna hira. Wannan karon, saboda lokaci ya ƙure, da safiyar Laraba ya je.

Ya tarar da ita a bakin taga, labulen wani gida a kan cinyarta, tana yi masa kalmasa da hannu. Zare a ko'ina, alli a bayan kunne, rediyo na magana ƙasa-ƙasa.

"Lafiya, Auta, da safiyar Laraba? An kore ka ne?"

"Lafiya lau, Mama. Ɗan aiki na kawo miki."

Ya buɗe akwatin a hankali, yana jiran abin da za ta ce. Ta gyara tabarau, ta leƙa.

"A'a, wannan ai mutumin babanka ne. Ashe yana nan? Dubi, ko tamoji ɗaya bai yi ba, ya bar ni ni kaɗai da tsufa." Ta ɗago ta dube shi. "Shi ne a ɗakin karatun?"

"Shi da wasu."

"Na ce wa matarka ban taɓa ganin ɗakin karatun da ake hana wa haske ba."

Ta jawo abin awo ta soma gwada cikin akwatin, tsawo da faɗi. Da ta zo auna zurfi sai yatsanta na tsakiya ya bugi katakon, ya yi ƙara ƙwas. Auta ya kalli yatsan. A kansa akwai 'yar hular ƙarfe irin wadda masu ɗinki ke sawa don tura allura, fara tas saboda gogewa, samanta duk ƙananan ramuka. Ya kawar da kai, sannan ya sake dubawa. Akwai ɗan tudu a tsakiyarta, ya goge amma bai ɓace ba. Akwai tsaga a gaba, farcen Mama na leƙowa ta ciki.

Shi da sana'arsa ita ce ganin abin da ido ba ya gani, shekara da shekaru yana neman wani abu shuɗi, bai taɓa kawowa a ransa cewa fenti yana iya tafiya ba. Wani tunanin kuma ya biyo baya, wanda ya fi na farko nauyi: ya san fuskar mahaifiyarsa sarai, ya san muryarta, amma rabon da ya tsaya ya kalli hannunta tana aiki tun yana yaro.

"Mama, wannan na yatsanki, a ina kika same shi?"

"Hulata? A wandonka. Bayan ka tafi makaranta na ɗauko tsohon gajeren wandonka zan yanka in yi faci, ashe aljihun ya ɓule, abin ya zurara cikin kalmasa. Na ajiye maka a gwangwanin maɓallai. Ka dawo hutu murya ta buɗe, kana ta faman girma, ba ka tambaya ba. Wata rana tawa ta tsage, na gwada wannan, ta zauna kamar an auna ni."

"Na neme shi a ko'ina, Mama. Har ƙasashen waje na rubuta."

"Ni ka taɓa tambayata?"

Sai ya yi mata bayani a tsanake, na ƙungiya da doka da Alƙali da ranar Asabar. Ta saurara tana ci gaba da ɗinki, allura na shiga tana fita, kwalkwalin Kyaftin na tura ta. Kowane turi sai Auta ya ji shi a haƙoransa.

"Zan sayo miki wasu, Mama. Masu kyau, irin na kanti."

Ta miƙa hannu ta buɗe gwangwanin maɓallai ta karkata masa. A ƙasa ga su nan birjik, manya da ƙanana, sababbi ful. "Yayyenka ne suka sayo. Wannan ta yi mini yawa, wannan tana matse ni, duka kuma yatsa yana gumi a ciki su zame. Tawa kuwa tana da taga, farcena yana shan iska. Mutumin naka ya shekara nawa ba hula, wani abu ya same shi? Ni in na cire ta yini ɗaya, labulen mutane zai tsaya."

"Yini ɗayan nake roƙo."

Ta yanke zare da haƙori, tana kallon Kyaftin a cikin akwatin. Wani abu ya wuce ta fuskarta, mai laushi, bai daɗe ba. "Babanka ya yi ta zagaya shagon da ake sayar da shi kafin ya iya sayensa," in ji ta. "To, aro ne. Kuma inda hulata ta je, nan zan je. Ka zo ka ɗauke ni."

Daren Juma'a ya je ya karɓo kwalkwalin da akwatin, a gida ya ɗora shi a kan Kyaftin. Ya shiga, ya zauna daram, har da 'yar ƙara. Matarsa ta tafa. Shi kuwa murnar ba ta daɗe ba damuwa ta maye gurbinta, domin a ƙarƙashin fitila ramukan sun fito fili, kuma babu ko ɗigon shuɗi.

"Ka shafa masa fenti mana," in ji ta. "Akwai shuɗi a makarantarmu."

Ya dube ta kamar ta ce a jefa shi a wuta. A wurinsu, sabon fenti a kan tsohon abu ya fi ɓata shi muni. Ya wanke kwalkwalin da ruwa mai ɗumi kawai, ya goge, ya bar wa Alƙali sauran.

Ranar Asabar zauren ya cika tun da hantsi. Tebura da farin zane, kwalaye a jere, manya masu furfura suna gardama kan ko bindigar matuƙiya a hannun dama take ko hagu. Mama ta sami kujera kusa da babban kabad, aka kawo mata shayi, ta zauna tana kallon jama'a da jakarta a cinya, tana duba ɗinkin rigar kowa.

Da Auta ya buɗe akwatin, Likita ne ya fara gani. "Mai Sanƙo ya yi hula," in ji shi, amma muryarsa ta sauka a ƙarshen maganar. Alƙali ya sa safar hannu, ya cire kwalkwalin, ya kusanto da maganaɗisu, ƙarfen ya amsa. Ya juya cikinsa ya kafa madubi, ya daɗe yana nema, har ya sami tambarin kamfanin, ya dushe amma ana karanta shi.

"Na asali ne," in ji shi. Sannan ya juya samansa, ya ga ramukan, ya tsuke baki.

Likita ya karɓi madubin ya sunkuya, mutane suka kewaye. Ya duba ta nan, ya duba ta can, ya miƙe a hankali.

"Jama'a, kun tuna ƙarshen fim ɗin, inda Kyaftin ya fita wajen jirgi cikin ruwan duwatsu? Kun tuna yadda kwalkwalinsa ya koma? An daɗe ana raɗe-raɗin cewa kamfanin ya buga 'yan kaɗan na gwaji a wannan siffa, ba fenti, da tabon duwatsun, sannan ya fasa. Ba wanda ya taɓa ganin ko ɗaya. To, ga shi."

Zauren ya ɗauki guna-guni. Wani ya ce ai shi ma ya taɓa karantawa. Wani ya ce dubi yadda ramukan suka fi yawa a gefe ɗaya, daidai inda duwatsun suka fito a fim. Alƙali ma ya fara gyaɗa kai. Auta ya ji daɗin maganar ya ratsa shi, ya ga kansa mai abin da babu irinsa, kuma duk abin da ake bukata daga gare shi shi ne ya yi shiru, aikin da ya fi kowa iyawa. Ya waiwaya ya ga Mama tana hura shayinta.

"Allurar mahaifiyata ce," in ji shi. "Da shi take ɗinki."

Likita ya kece da dariya. "Ka ji mai wayo. Ba ya so mu dame shi da ciniki."

"Gaskiya nake faɗa."

"Auta, ni rami sana'ata ce. Kullum cikin bakin mutane nake ina kallon ramuka. Na san wanda ya faru da kansa, na san wanda aka yi da gangan. Waɗannan aikin masana'anta ne."

Ya sake faɗa, suka sake ƙi. Labarin nasu ya fi nasa daɗi, ba su da niyyar saki. Har an fara shawarar a rubuta wa masu tarawa na nesa, sai Mama ta ajiye kofinta. Tun ɗazu idonta yana kan hannun rigar Alƙali, inda wani maɓalli ke reto da zare ɗaya, kuma haƙurinta ya ƙare.

"Malam, tsaya haka, kada ya faɗi ya ɓata."

Ta zaro allura mai zare daga jakarta, ta ɗauke kwalkwalin daga tafin Alƙali kamar ta ɗauki abinta a kan teburinta, ta zura yatsa. Wani a baya ya ja numfashi don ba ta sa safar hannu ba. Ta kama hannun rigar ta soma ɗinki, gindin allurar yana faɗawa cikin mafi zurfin ramukan nan na gefe ɗaya, yana zama daidai. Ta ƙulla, ta yanke, ta cire kwalkwalin ta goge shi da gefen mayafinta, ta mayar a kan Kyaftin ta danna.

Alƙali ya duba maɓallinsa, ya ja shi ya ji ƙarfinsa, kafaɗunsa suka fara rawa da dariya. Likita ya sosa ƙeya.

"To," in ji shi, "amma dai, Mama, kin jera ramukan nan da kyau."

"Na gode, ɗana. Kai ma aljihun rigarka ya fara buɗewa, ka kawo mini."

Da dariyar ta lafa, Alƙali ya gyara murya, ya koma alƙalinsa. Ya ce dokar ƙungiya cewa ta yi kaya su zama na asali, ba ta ce wanda bai taɓa yin aiki ba. Da hannunsa ya buɗe babban kabad ya tsayar da Kyaftin ɗin Auta a tsakiya, matuƙiya a damansa, injiniyan ƙarfe a hagunsa. Likita ya ɗauki nasa ya kai bakin ƙofa, ya ɗaga masa hannu ɗaya sama, ya ce tun da ma aikin ya fi dacewa da mai fara'a.

Auta ya yini a gaban gilashin. Fitilar kabad ɗin tana sauka a kan kwalkwalin, kowane rami ya kama nasa ɗan hasken. Ya tuna hasken da ke fita ta 'yar tagar ɗakin injin, ƙura na rawa a cikinsa, da kafaɗar mahaifinsa kusa da tasa. Ya yi ta neman wani abu da zai mayar masa da wannan ɗakin yadda ya bar shi, sai aka ba shi abin da ya yi shekarun nan yana ɗinka kuɗin makarantarsa. Bai san yadda zai auna wannan ba, sai ya bar aunawar.

Da yamma aka fara naɗe zannuwan tebur. Mama ta miƙe, ta rataya jakarta, ta zo ta miƙa masa yatsanta na tsakiya. Ya ɗauko Kyaftin, ya kai hannu ga kwalkwalin, sai ya tsaya. Ya kwantar da shi dukansa cikin akwatin da ta yi wa shimfiɗa, ya rufe, ya miƙa mata.

"Ki tafi da shi, Mama. In kin tashi aiki ki mayar masa, ya riƙe miki har safe."

"Yanzu ka ƙara mini wanda zan kula da shi?"

"Ba ya cin komai."

"Haka ka ce mini ranar da ka kawo kyanwa."

Amma ta karɓa, ta rungume akwatin har mota.

A kan teburin keken ɗinki Kyaftin ya koma da zama, tsakanin gwangwanin maɓallai da almakashi. Da safe ya yi sanƙo, da yamma ya sa hula. Mama ta rataya masa abin awo a wuya don kada ya zauna ba aiki. A kabad ɗin Auta kuwa aka bar tsakiyar ba kowa, kuma ya yi mamakin yadda wurin bai dame shi ba. Abin da ya dame shi rana ce, wadda ke shigowa ta tagar Mama da hantsi ta sauka daidai kan teburin. Saboda haka duk Laraba, kafin ya wuce asibiti, sai ya biya da buroshin matarsa a aljihu, ya share wa Kyaftin ƙurar zare, ya matsar da shi inuwa, ya ɗan zauna yana kallon hannunta tana ɗinki. Da ya fita, sai Mama ta mayar da shi bakin taga, ta ce mutumin da ya saba da taurari ba za ta ajiye shi a duhu ba.